Agogo Huɗu a Gaban Alƙali

Auta ya gama rubuta hujjarsa a shafi arba'in da ɗaya. Ya karanta ta a tsaye gaban madubin banɗakin ofis, daga farko har ƙarshe, kuma da ya kai shafi na talatin da uku sai da ƙwalla ta taru masa a ido. Wata tara ke nan da zamansa lauya. A cikin wata taran nan, babban aikin da ya taɓa yi a gaban alƙali shi ne ya miƙe, ya gyara riga, ya roƙi a ɗage zama saboda maigidansa yana wata kotun, sannan ya koma ya zauna. Yau ga shari'a tasa ta kansa ta samu, kuma wanda zai tsaya wa mahaifinsa ne.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa uku, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Tebur mai gilashi, fitila mai lanƙwasasshen wuya, hantsaki kala-kala, da gwangwanayen alewa cike da ƙusoshin da ba su kai ƙwayar yashi ba. Shekara talatin da ɗaya yana nan. Daga wannan lungun aka biya wa Yaya makarantar jinya, daga nan aka biya wa Auta karatun lauya har da hular gashin da yake taƙama da ita.

Da mai benen ya rasu, magada suka sayar, sabon mai bene ya zo da labarin cewa an ƙara kuɗin haya tun shekara biyu da suka wuce kuma Baba bai cika ba. Aka je gaban kwamitin sasanta rikicin haya. Baba ya tafi shi kaɗai bai gaya wa kowa ba, ya kuma bar rasitansa a gida, domin a ganinsa mutumin da ya shekara talatin a wuri ɗaya maganar bakinsa ta isa shaida. Da ya ga abin ba haka yake ba ya ce a ba shi minti arba'in ya je ya ɗauko, aka ce lokacin gabatar da takardu ya wuce. Aka yanke masa ya biya, ya kuma tashi daga shagon.

Rasitan suna nan a cikin tsohuwar jakar Mama, an ɗaure su da roba shekara-shekara, har da takardar tsohon mai bene da ta tsayar da kuɗin haya na shekara biyar. Duk alƙalin da ya gan su zai rushe hukuncin kafin shayinsa ya huce. Matsalar ita ce a kai ga alƙalin. Dokar ta ce duk wanda zai ɗaukaka ƙara daga kwamitin nan sai ya fara ajiye rabin abin da aka yanke masa a asusun kotu cikin kwana talatin, in bai ajiye ba ƙarar ta mutu, a sa wa shago kwaɗo. Kuma rabin nan ya fi ƙarfin Baba nesa ba kusa ba.

Abin kunya, wanda Auta bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ne da ya karanta wannan sashen na doka ba baƙin ciki ya fara ji ba. Wani daɗi ne ya taso masa daga ciki har maƙogwaro. Ga zalunci tsagwaronsa, a rubuce, da lamba. Yaya za a ce wa mutum ƙofar kotu a buɗe take, sannan a ajiye mai karɓar kuɗi a bakin ƙofar? Zai kai sashen gaban babbar kotu ya nemi a soke shi. Ya ga sunansa a littattafan da ɗalibai za su riƙa haddacewa suna tsine masa. Sai daga baya ya tuna cewa ubansa ne zai rasa shago, ya yi sauri ya ɓata fuska ko da yake babu kowa a ɗakin.

Ya kai takardun rajistar kotu, wurin da dama ƙafarsa ta saba zuwa ko da babu dalili. A taga ta biyu akwai wata mai rajista, 'yar siririya mai tabon tawada a babban yatsa, wadda ke buga hatimi kamar tana hukunta takardar. Auta ya daɗe yana rubuta mata wasiƙu a zuci, har sun yi faɗa sun shirya sau biyu, ita kuwa iyakar abin da ta sani game da shi shi ne lauyan nan da ke mantawa da biro. Ta ɗaga tarin takardun a tafin hannu kamar mai auna nama, ta tambaye shi ko littafi ya kawo a buga masa. Ta duba farko, ta duba ƙarshe, sannan ta ce ba ta ga rantsuwa ba.

Ya ce wace rantsuwa.

"Ka cika shafi arba'in da talaka," in ji ta, "amma talakan littafi ne. Kotu ba ta sauraron talakan littafi. Sai ka kawo naka, ya rantse cewa ba shi da shi."

Ya fita yana jin cewa ba a taɓa ce masa jahili da murya mai daɗi haka ba.

A ranar ya rubuta takardar rantsuwar, kuma da yake hannunsa ba ya iya tsayawa a kan gaskiya tsirara, sai da ya yi mata ado. Ya rubuta cewa mai rantsuwa tsoho ne fakiri, ba shi da komai sai rigar wuyansa, abin yau ba ya kai masa gobe, 'ya'yansa ne ke rufa masa asiri. Yaya ta gani a kan teburin falo da ta dawo daga asibiti, ta karanta tana cire takalmi. Ta tambaye shi ko Baba ya ji abin da ke ciki. Ya ce zai karanta masa. Ta ce to ya bari sai ranar da take aiki a sashen gaggawa, don a samu wanda zai karɓe shi.

Bai karanta masa ba. Sau uku yana zuwa shagon da takardar a aljihu, sau uku yana tarar da Baba sunkuye da ɗan madubi maƙale a ido, sai ya tsaya yana hirar tsadar batiri har ya tafi. A ƙarshe ya kai shi ofishin mai karɓar rantsuwa ya ce takardar kotu ce kawai. Mai karɓar rantsuwa ya tambayi Baba ko ya san abin da ke ciki. Baba, wanda hankalinsa ke kan agogon bangon ofishin da ke baya da minti shida, ya ce ɗansa ne ya rubuta, ya sa hannu.

Akwai wata al'adar aiki ta Baba wadda duk gidan sun saba da ita har sun daina gani. Duk agogon hannun da ya gyara, ba ya miƙa wa mai shi sai ya ɗaura shi kwana uku. Yana cewa agogo a kan tebur maƙaryaci ne, sai ya yi tafiya da mutum, ya sha gumi, ya kwana a hannu, sannan ake sanin halinsa. Auta ya tashi yana ganin hannuwan ubansa da agogo uku, huɗu, wani lokaci har gwiwar hannu, kamar yadda wasu yaran ke ganin gashin baki a fuskar ubansu. Saboda haka ran zaman kotu, da Baba ya fito cikin fararen kayansa masu guga, da agogo biyu a dama biyu a hagu, abin da Auta ya lura da shi kawai shi ne takalmin Baba na bukatar goga. Ya durƙusa ya goge masa, yana jin kansa ɗa na gari.

Mai shari'a dattijuwa ce mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta ba shi dama, ya miƙe. Kuma gaskiya ya yi magana. Ya faro daga zamanin da ake shari'a a gindin bishiya, ya ratso ta ƙasashe shida, ya kira matattun alƙalai ɗaya bayan ɗaya su ba da shaida. Ya ce haƙƙin a saurari mutum ba kaya ba ne da za a sa masa farashi. Ya ce dokar da ta ce biya kafin a ji ka ta riga ta yanke hukunci a kan aljihu kafin ta dubi gaskiya. Muryarsa ta yi rawa daidai inda ya shirya ta yi rawa. Sau biyu ya saci kallon gefen da mai rajista ke zaune ƙasa da kujerar mai shari'a, sau biyun tana fama da abin maƙala takardu da ya cije.

Lauyan mai bene wani tsoho ne mai sanƙo wanda tun da aka fara yake kamar yana gyangyaɗi. Ya tashi a hankali ya yaba wa ɗan'uwansa matashi, ya ce ya ƙaru ƙwarai, ba shi da abin cewa a kan ƙasashe shida. Tambaya ɗaya kawai yake roƙon a bar shi ya yi wa mai rantsuwa. Aka kira Baba gaba. Tsohon lauyan ya ɗauki takardar ya fara karantawa da ƙarfi, a natse, yana ba kowace kalma haƙƙinta. Tsoho fakiri. Ba shi da komai sai rigar wuyansa. 'Ya'yansa ne ke rufa masa asiri.

Auta bai ɗaga kai ba. Ya ji idon Baba a ƙeyarsa kamar an ɗora masa dutsen guga.

"Baba, a taimaka a ɗaga wa kotu hannun riga," in ji tsohon lauyan.

Baba ya ɗaga. Fitilar kotu ta sauka a kan na sama a hannun dama, wani mai ruwan zinare mai nauyi, irin wanda ake saye a gaji. Shi kaɗai zai biya ajiyar sau biyar. Wani a baya ya yi tari don ya ɓoye dariya. A nan ne Auta, bayan shekara ashirin da shida a duniya, ya fara ganin agogo a hannun ubansa.

Ya zabura ya miƙe zai yi bayani cewa na mutane ne, gwaji ake yi. Mai shari'a ta ɗaga masa yatsa ɗaya ya koma ya zauna. Ta juya ga Baba, ta sassauta murya, ta ce ba ruwanta da agogo, ta san masu sana'a da kayan mutane. Abu ɗaya take so ta ji daga bakinsa: abin da aka karanta gaskiya ne? Ba shi da halin ajiye kuɗin? In ya ce haka ne, tana da ikon ta duba lamarinsa.

Kalma ɗaya ake nema. Auta ya runtse ido yana tura wa ubansa kalmar da duk ƙarfin zuciyarsa.

"Ranki ya daɗe," in ji Baba, "ni ba fakiri ba ne. Ina da sana'a. Zan ajiye."

Ta tambaye shi to yaya aka yi ya rantse da akasin haka. Ya ce shi ya sa hannu bai karanta ba, laifinsa ne, yaron ba shi da laifi. Mai shari'a ta dubi yaron ta saman tabarau har sai da ya ji hular gashin ta yi masa yawa. Ta ce za ta ɗauka an janye takardar, kuma tana fata lauya ya gane alherin da aka yi masa.

Hukuncin bai kai minti biyar ba. Ta ce sharaɗin ajiya ba haramtacce ba ne don kansa, an sa shi ne saboda masu ɗaukaka ƙara don jan lokaci kawai, su bar mai gaskiya yana jira shekara da shekaru. Inda zai zama zalunci shi ne in ya rufe ƙofa ga wanda da gaske ba shi da hali, kuma tambayar da lauya ya kawo tambaya ce mai nauyi wadda wata rana sai an amsa ta. Amma kotu ba ta amsa tambayar da ba ta da mai ita. Mai ƙara ya ce zai iya, an ba shi kwana bakwai.

Suka fito. Auta na gaba, rigar lauya a kafaɗa, yana tafiya da sauri irin ta wanda aka yi wa laifi, ko da yake bai gama tantance wa ya yi wa wani ba. A bakin titi Baba ya cim masa, ya tsaya yana mayar da numfashi, sannan ya tambaye shi, wai nawa ne ma kuɗin.

Nan Auta ya fashe. Ya ce ko nawa ne bai sani ba ya tsaya gaban kotu ya ce zai biya? Ya ce kalma ɗaya ce, kalma ɗaya, da yanzu an wuce wurin, da wataƙila dubban mutane sun huta da wannan dokar. Ya ce girman kai ne zai sa wa shagon kwaɗo, ba mai bene ba. Bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, kuma ko a cikin fushin wani ɓangare na kansa yana gefe yana yaba yadda jimlolin ke fita.

Baba ya bar shi ya gama. Sannan ya miƙo hannun dama ya nuna mai ruwan zinaren.

"Mai wannan ya ajiye min shi ya tafi, ko takarda bai karɓa ba. Ka san me ya sa? Ya san ba na cikin matsuwar da zan kalli kayansa sau biyu. Ran da aka ji kotu ta rubuta ni fakiri, wa zai bar min irin wannan ya juya baya? Sai ka ceto min ɗakin, ka kashe min shagon." Ya sauke hannun riga ya rufe su. "Kuma da ka karanta min, Auta, da na gaya maka wannan a gida, ba a gaban mutane ba."

Auta ya juya ga titi. Ya tare musu mota, ya buɗe wa Baba ƙofa.

Kwana bakwai ba su da yawa. Baba ya ce zai sayar da injin yankan ƙarfensa, Yaya ta ce madalla, a sayar da kayan aiki don a ceci wurin ajiye kayan aiki, lallai ta ga inda Auta ya gado basira. Ta karɓo rancen albashi daga asibiti. Auta ya sayar da babur ɗinsa, wanda bai cika wata huɗu ba, ga wani makanike da ya zagaya shi sau uku yana taɓe baki kamar an kawo masa mara lafiya. Baba ya kawo ɗan kuɗin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, ya kuma yarda a haɗa da na 'ya'yansa bisa sharaɗin kada a sake ambaton maganar rufin asiri a gabansa har abada. Ran na shida da azahar Auta ya isa taga ta biyu a ƙafa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Mai rajista ta karɓi takardar banki ta buga hatimi. Ta ce ashe dai an samu. Ya ce an samu. Ta tura masa rasit, sannan ba tare da ta ɗago ba ta ce ta karanta duka arba'in da ɗayan, kuma daga shafi na goma sha bakwai zuwa na ashirin yana da gaskiya, sauran kuwa waƙa ce. Ta ce ya adana huɗun nan, don a mako ba ta rasa mutum biyu da ke zuwa tagar nan su ji kuɗin ajiya su juya ba su sake dawowa ba. Ya buɗe baki zai faɗi wani abu da ya shekara yana gogewa, sai ta ce na baya ya matso. Ya tafi ya bar biro.

Aka saurari ɗaukaka ƙarar bayan mako biyar. Wannan karon Auta ya zo da shafi biyu da jakar Mama. Ya miƙe ya ce ga rasitai, ga takardar tsohon mai bene. Mai shari'a ta cire robar ta duba, ta miƙa wa tsohon lauya mai sanƙo. Ya duba, ya shafa kansa, ya ce ba shi da ja. Aka rushe hukuncin kwamiti. Aka ce kuɗin ajiya za a mayar bayan an cike takardu, abin da wani masinja a bakin ƙofa ya fassara musu da cewa su sa rai nan da wata takwas in Allah ya so.

A mota Auta ya shirya abin da zai ce in sun isa shago. Gajere, mai taɓa zuciya, da neman gafara a tsakiya. Da suka iso ƙarƙashin matakalar, Baba ya ciro makulli ya nufi kwaɗon, ya kuskure ramin, ya sake, ya sake kuskurewa. Mutumin da ke ɗaukar ƙusar da ido ba ya gani da bakin hantsaki. Ya ce jijjigar motar ce, ya miƙa wa Auta makullin.

Auta ya buɗe ya tura ƙofar sama, ya tsaya. Bangon fayau yake. Inda agogunan bango suka shekara rataye sai da'irori masu haske a jikin fenti da ƙusoshi tsirara. A ƙasa kwalaye ne jere har bakin tebur, kowanne an naɗe abin da ke ciki da tsohuwar jarida, an rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa da rubutun Baba mai kama da ɗinki. Daga cikin kwalayen ana jin su suna ta bugawa a hankali, kowa da nasa takun.

"Jiya na haɗa," in ji Baba daga bayansa. "Ba wai ban yarda da kai ba ne. Kayan mutane ne, ba zan bari a kulle da su ba."

Auta ya manta da jawabin. Ya juya fuska wajen bango yana ƙifta ido, kuma a karon farko ba shi ya shirya ƙwallar ba.

Baba ya raɓa ta gefensa ya shiga, ya kunna fitila, ya janyo kwalin farko da ƙafa.

"Cire wannan rigar kada ta kwashi ƙura," ya ce. "Kai ne dogo. Hau kujera, ina miƙo maka."